Renon yara a gidan haya: Wa ke da ta cewa a Sabon Birni da Isa?

Rashin tsaro a gabashin jihar Sakkwato ya tilasta wa dubban iyalai barin ƙauyukansu zuwa garuruwan Sabon Birni da Isa, inda da yawa daga cikinsu ke zaune a ɗakunan haya ko na aro. Wannan hali ya taso da wata tambaya da a da ba a cika yin ta ba: idan uwa ta fita nema, a hannun wa za ta bar ƙananan 'ya'yanta? Kuma shin macen da ta karɓi renon yaran tana da ikon yin haka a cikin gidan da ba nata ba?

A ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya, batun renon yara a gidan haya ya daɗe yana haddasa taƙaddama tsakanin masu reno da masu gidaje da kuma ƙungiyoyin unguwanni, har ta kai ga an yi masa dokoki na musamman. A ƙasar Gobir kuwa, al'ada da fiƙihu da maganar dattawan unguwa su ne ke yanke hukunci, kuma galibi babu abin da aka rubuta.

Yadda aka saba a da

Ƙananan hukumomin biyu suna cikin tsohuwar ƙasar Gobir. Sabon Birni na kan iyaka da jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ita kuma Isa tana maƙwabtaka da Shinkafi ta jihar Zamfara. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa Sabon Birni na da mutane sama da 200,000, yayin da Isa ke da kusan 150,000.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a shekarar 1808, wani ɓangare na Gobirawa ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga bisani kuma aka kafa Sabon Birni a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Shi ya sa har yau ake samun dangi ɗaya, rabi a Nijeriya rabi a Nijar.

A irin wannan zama na dangi, renon yaro bai taɓa zama sana'ar da ake biya ba. Babban gida yakan ƙunshi kaka da kishiyoyi da matan 'yan'uwa da 'yan mata, kuma kowace daga cikinsu na iya goya yaron da uwarsa ke daka ko girki. Idan lokacin yaye ya yi, akan kai yaro wurin kakarsa. Akwai kuma al'adar riƙo, inda gwaggo ko inna ke ɗaukar ɗan 'yar'uwarta ta rene shi kamar nata.

Bugu da ƙari, al'adar kulle ta sa matan aure da dama suna yin sana'arsu ne daga cikin gida, kamar ƙuli-ƙuli da fura da ƙosai, yara kuma su kai talla. Masaniyar nan 'yar Birtaniya Polly Hill ta yi rubutu a kan wannan ɓoyayyen ciniki na matan Hausawa tun a shekarar 1969. Muddin uwa na gida, ɗanta na kusa da ita.

Abin da ya sauya

Hare-haren 'yan bindiga ne suka wargaza wannan tsari. A watan Mayun shekarar 2020, an kashe mutane fiye da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A watan Disambar 2021 an ƙona wata motar matafiya a yankin, inda mutane sama da 20 suka rasu. A shekarar 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta.

Tun daga shekarar 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, inda Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau da Cadakori. Waɗanda ba su tsallaka ba sun kwarara zuwa hedikwatocin ƙananan hukumomi da birnin Sakkwato, wasu a makarantu, wasu a kangaye, wasu kuma a ɗakunan haya.

Yawancin masu gudun hijirar mata ne da yara. Akwai waɗanda aka kashe mazansu, akwai kuma waɗanda mazan suka tafi ci-rani. Macen da a ƙauye take da rumbu da dabbobi, a gari sai ta fita surfe ko wankau ko aikatau ko ƙwadago a gonar wani kafin a ɗora tukunya. Kakar da za ta riƙe yara wataƙila tana wani gari, ko ma tana ƙetaren iyaka.

A nan ne reno ke komawa aikin da ake biya. Uwa takan nemi wata dattijuwa ko maƙwabciya da ba ta fita, ta bar mata yara daga safe zuwa la'asar, ta saka mata da 'yan kuɗi ko kwanon gero ko sabulu. Idan uwaye uku ko huɗu suka yi haka, ɗakin mai renon ya zama gidan renon yara, ko da kuwa ba wanda ya kira shi da wannan suna.

Haƙƙin mai gidan haya

Mutum na farko da lamarin ya shafa shi ne mamallakin gidan. A ƙananan garuruwan arewa, haya galibi da baki ake ƙulla ta, a gaban dillali ko wani dattijo. Ba a cika faɗin abin da ɗan haya zai yi da ɗakin ba, domin kowa ya ɗauka kwana da girki ne.

Damuwar mai gida a fili take. Yara goma suna cika masai da wuri fiye da yara biyu, kuma kwashe shi ko haƙa sabo kuɗi ne. Ruwan rijiya na raguwa, daɓe na farfashewa, bangon ƙasa na zubewa. Idan gidan na masu haya da yawa ne, tsakar gida ɗaya ce ga kowa, a nan ake girki, a nan ake shanya, a nan kuma yaran za su yi wasa.

Jihar Sakkwato ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, a zamanin gwamna Attahiru Bafarawa, wanda shi kansa ɗan ƙaramar hukumar Isa ne, kuma tun kafin nan kotunan alƙalai ke sauraron rikicin haya tsakanin Musulmi bisa mazhabar Malikiyya. Littattafan da malaman yankin ke karantarwa, irin su Risala da Muhtasar, sun shimfiɗa cewa haya na inganta ne idan an san amfanin da za a ci, an san lada, an kuma san wa'adi.

Ƙa'idar da malaman fiƙihu suka gina a kan haka ita ce, ɗan haya na da ikon cin amfanin da aka yi yarjejeniya a kansa, ko makamancinsa, ko wanda bai kai shi cutarwa ba. Abin da ya fi shi cutar da ginin kuwa sai da izinin mai shi. Idan kuma ba a ambaci komai ba, al'adar gari ce ke fassara yarjejeniyar.

Ke nan macen da ke riƙe 'ya'yan maƙwabciyarta biyu ba ta fita daga abin da aka saba ba. Amma wadda ta tara yara goma sha biyar kullum tana karɓar lada ta shiga wani amfani na dabam, kuma mai gida na da hujjar cewa a nemi yardarsa.

A ɓangaren dokar zamani, a galibin jihohin Nijeriya, idan babu wata yarjejeniya ta musamman, mai biyan haya shekara-shekara na da haƙƙin a ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi, mai biya wata-wata kuma sanarwar wata guda, kuma kotu ce ke ba da umarnin fitarwa. Sai dai macen da ta yi gudun hijira, wadda ba ta da rasit balle takardar yarjejeniya, da wuya ta tsaya jayayya. Idan aka ce ta tashi, tattara kayanta take yi.

Dokar unguwa da ba a rubuta ba

A manyan rukunin gidaje na Abuja da Legas, akwai ƙungiyoyin mazauna da ke karɓar kuɗin tsaro da shara, suna kuma kafa sharuɗɗa, ciki har da hana mayar da gidan zama wurin kasuwanci. A Sabon Birni da Isa, mai unguwa da limami da dattawa ne ke wannan aiki, daga nan magana ta wuce zuwa ga dagaci da hakimi.

Dokarsu ba a takarda take ba, amma kowa ya san ta. Namiji baligi ba ya kutsawa gidan matan aure, don haka uban da ya zo ɗaukar ɗansa a zaure zai tsaya ya yi sallama. Ana kuma sa ran a kiyaye haƙƙin maƙwabci a lokacin hutun rana da bayan sallar isha'i.

Rashin tsaro ya ƙara wa wannan doka tsauri. Tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto, waɗanda ake kira infoma, ya sa jama'a na sa ido a kan duk gidan da baƙin fuska ke yawan shiga da fita, kuma hukumomi a jihohin arewa maso yamma sun sha kira ga masu unguwanni da masu gidajen haya su riƙa tantance baƙi. Gwamnatin Ahmed Aliyu ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar a shekarar 2024, ga kuma 'yan sa-kai da suka daɗe a yankin.

A irin wannan yanayi, gidan da mata daga ƙauyuka dabam-dabam ke zuwa safe da yamma na iya jawo zargi, ko da kuwa yara kawai ake kawowa. Mai renon da ta fara sanar da mai unguwa, ta kuma faɗa masa 'ya'yan wa take riƙewa, ta samu mai tsaya mata ranar da magana ta taso.

Me dokar ƙasa ta tanada?

Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta shekarar 2003 ta ware sashe guda a kan renon ƙananan yara, inda ta buƙaci a yi rajistar masu riƙe yara 'yan ƙasa da shekara shida don lada, ban da iyaye da dangi na kusa. Amma dokar na aiki kai tsaye ne a Abuja kaɗai, sai kowace jiha ta yi tata. Jihar Sakkwato ta yi Dokar Kare Yara, wadda gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa wa hannu a watan Nuwambar 2021.

Ita kuma Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta sanya kula da yara tun suna ƙanana a cikin ilimin tushe, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi. A shekarar 2007 aka fitar da manufar ƙasa kan raya ƙananan yara.

Sai dai manufar ilimi ta ƙasa ta ɗora wa gwamnati aji guda ne na share fage, na 'yan shekara biyar. Renon waɗanda ba su kai haka ba an bar shi galibi a hannun masu zaman kansu, gwamnati kuma ta tsaya a matsayin mai sa ido. A yankin da makarantun ƙauyuka da dama suka daina aiki saboda hare-hare, jami'in da zai zagaya ɗakunan haya yana duba masu reno ba abu ne mai sauƙin samu ba.

Cewa sa ido na da muhimmanci, jihar Kano ta gani. A watan Janairun 2022, bayan da aka gano gawar wata ɗaliba 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace, gwamnatin jihar ta janye takardun izinin makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su.

Yadda ake yi a Amurka da Birtaniya

A Amurka, mutane sama da miliyan 70 ne ke zaune a unguwannin da ke ƙarƙashin ƙungiyoyin masu gidaje. Duk wanda ya sayi gida a irin wannan unguwa ya amince da kundin sharuɗɗanta, wanda kan hana yin kasuwanci a gida, kuma ƙungiyar na iya cin tarar wanda ya saɓa. Ɗan haya kuma yana ƙarƙashin sharuɗɗa biyu, na mai gida da na ƙungiya.

Jihar Kalifoniya ta warware matsalar ta hanyar ɗaukar renon yara a gida a matsayin wani ɓangare na zaman gida. Dokarta ta ce duk wani sharaɗi na haya ko na ƙungiya da ya hana mai lasisi reno ba shi da tasiri. Ƙaramin gidan reno na ɗaukar yara shida, ko takwas bisa wasu sharuɗɗa, babba kuma yara 12 zuwa 14 tare da mataimaki.

Dokar ba ta bar mai gida haka nan ba. Dole 'yar haya ta ba shi sanarwa a rubuce kwana 30 kafin ta fara, yana kuma iya ƙara kuɗin ajiyar da ake riƙewa saboda ɓarna, gwargwadon abin da doka ta yarda. Dole kuma mai reno ta yi inshora, ko ta sa iyaye su sa hannu cewa sun san ba ta da ita. A shekarar 2019 gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a kan wata doka da ta hana ƙananan hukumomi neman ƙarin izini daga manyan gidajen reno. A wasu jihohin Amurka kuwa, ƙungiyar unguwa na iya hana renon gaba ɗaya.

A Ingila, mai reno a gida kan yi rajista da hukumar Ofsted, kuma ba ta wuce yara shida 'yan ƙasa da shekara takwas ba, waɗanda uku kawai daga cikinsu za su kasance ƙanana. Masu gidajen haya na iya ƙin yarda, lamarin da ya sa a shekarar 2023 ministar yara ta lokacin, Claire Coutinho, ta rubuta musu tana neman su sassauta.

Abin lura a nan shi ne, dokokin sun kafu ne a kan abu biyu: a sanar da mai gida tun da wuri, sannan a ƙayyade yawan yara. Duka biyun ba sa buƙatar kuɗi, kuma mai unguwa na iya tsayawa a kansu.

Lafiya da amana

Ƙayyade yawan yara ya fi muhimmanci a wuri irin Gobir, inda ɗaki guda ke zama wurin kwana da ajiya, ga murhu da rijiya a tsakar gida. Mace ɗaya ba za ta iya sa ido a kan jarirai uku da masu rarrafe biyar a lokaci guda ba.

Cunkoso kuma shi ne abincin cututtuka masu yaɗuwa. Jihar Sakkwato na cikin waɗanda annobar sanƙarau ta 2017 da ta amai da gudawa ta 2021 suka shafa. Ƙyanda na saurin kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba, alhali allurar farko a wata tara ake yin ta, ta biyu kuma a wata 15. Tambayar uwa katin rigakafin ɗanta kafin a karɓe shi na kare sauran yaran.

Mai reno na iya zama wadda za ta fara gano tamowa. Ma'aikatan lafiya na amfani da wani ɗan tef mai launi uku suna auna damtsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. Idan awon bai kai santimita 11.5 ba, yaron na cikin matsananciyar tamowa kuma yana buƙatar asibiti nan take. Ana koya wa uwaye da ba su yi karatun boko ba amfani da shi.

Akwai kuma batun da dokokin Turai da Amurka ba su san da shi ba, wato shayarwa. Ba da jariri ga mai shayarwa don lada abu ne da Musulunci ya amince da shi, kuma kowa ya san tarihin Halimatus Sa'adiyya. Amma a mazhabar Malikiyya, idan mace ta shayar da yaron da bai wuce shekarun shayarwa ba, ko da sau ɗaya ne, muddin nonon ya isa cikinsa, ya zama ɗanta na shayarwa, kuma aure ya haramta tsakaninsa da 'ya'yanta.

Mai goyon da aka bar wa jariri yana tsala kuka, uwarsa kuma tana gona, tausayi na iya sa ta ba shi mama. A ƙauye dangi za su riƙe wannan labari. A zaman gudun hijira kuwa, inda iyalai ke haɗuwa su rabu cikin 'yan watanni, yana iya ɓacewa har sai yaran sun girma. Saboda haka wajibi ne a sanar da iyayen yaro, zai kuma fi kyau a shaida wa limami ya rubuta.

Idan kuma wani abu ya sami yaro, ƙa'idar fiƙihu ita ce wanda aka ba amana ba a kama shi da laifi sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Tabbatar da hakan na da wuya idan ba a faɗi tun farko ba wa zai kawo abinci, ƙarfe nawa za a ɗauki yaro, wa aka yarda ya ɗauke shi, kuma wa za a kira idan zazzaɓi ya tashi.

Wa zai ɗauki nauyi?

Kuɗi su ne ƙashin bayan matsalar. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin abinci da sufuri ya tashi, kuma ɗakunan haya sun yi ƙaranci a garuruwan da suka cika da baƙi. Idan mai gida ya ƙara haya saboda reno, mai reno za ta ƙara wa uwaye, su kuma abin da suke samu a yini da ƙyar yake kai su dare.

Uwar da ta kasa biya na da zaɓi kaɗan. Ko ta goya jariri zuwa wurin aiki cikin rana, ko ta kulle yara a ɗaki, ko ta cire 'yarta mai shekara takwas daga makaranta ta zama 'yar reno. Wannan na ƙarshe shi ya fi sauƙi, kuma shi ne ke ƙara yawan 'yan matan da ba sa zuwa makaranta.

Ƙasar Hausa na da abin koyi a gida. Makarantar allo ta daɗe tana zama a zauren da wani mai hali ya ba da aro, unguwa ta san malamin, iyaye na kai kuɗin Laraba, maƙwabta kuma na haƙuri da ƙarar karatu domin sun ɗauke shi amfanin kowa. Jihar Sakkwato na da hukumar zakka da waƙafi, kuma ba da ɗaki waƙafi ko aro don renon marayu da 'ya'yan masu gudun hijira na cikin ayyukan alherin da shari'a ta sani.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun jama'a shi ne yarjejeniya a fili: mai reno ta nemi yardar mai gida a gaban shaidu, a faɗi yawan yaran da ba za a wuce ba, a raba nauyin ruwa da masai, a rufe bakin rijiya, mai unguwa kuma ya riƙe sunayen yaran da na iyayensu. Takarda guda da aka rubuta da ajami ko boko ta isa ɗaukar wannan duka.